Yadda Ake Fara Aiki da Rediyon Masu Sha'awa: Daga Saurare Zuwa Kiran Farko

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da dare yana laluben tasha a gajeren zango ya san yadda murya ke tasowa daga cikin shuu, ta yi ƙarfi, ta lafa, can kuma ta dawo. A tsakanin manyan tashoshin nan akwai wasu 'yan gurabe da duniya ta keɓe wa mutane irina da irinka, waɗanda ba 'yan jarida ba ne, ba jami'an tsaro ba, sha'awa ce kawai ta kawo su. Da na'ura guda mai ji da magana da waya mai tsawon mita goma, mutum yana zaune a ɗakinsa zai yi hira da wani a wata nahiya, babu intanet, babu layin waya a tsakani. Wannan shi ne rediyon masu sha'awa, wanda aka fi sani da ham. Tsohuwar harka ce, don ƙungiyarsu ta duniya, IARU, tun 1925 aka kafa ta a Paris.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, kunne da eriya su ne aikin. Na'urar ita ce ta uku, duk da cewa ita ce ke fara ɗaukar hankalin sabon shiga.

Lasisi tukuna

Saurare ba ya buƙatar izini a yawancin ƙasashe, amma watsa magana yana buƙata. Hukumar sadarwa ta ƙasar da kake ita ke ba da lasisin, galibi bayan jarrabawa a kan abu uku: tushen ilimin lantarki, dokoki, da ladubban aiki a iska. A da sai mutum ya iya saƙon Mos, wato ɗigo da ja, kafin a bar shi ya hau gajeren zango. Taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2003 ya cire wannan sharaɗi daga dokar ƙasa da ƙasa, ya bar wa kowace ƙasa zaɓi, kuma da yawa sun yar da shi. Nemi ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta ƙasarka, su ne za su nuna maka ƙofar da ake bi.

Da lasisin za a ba ka lambar kira, wadda babu mai irinta a duniya. Haruffan farko suna nuna ƙasa: G na Ingila, F na Faransa, JA na Japan, PY na Brazil, 5N na Najeriya, 5U na Nijar, ZS na Afirka ta Kudu, W ko K na Amurka. Dokokin da suka game kowa kaɗan ne: ba a kasuwanci a wannan iska, ba a watsa kiɗa, ba a ɓoye ma'anar magana da wani sirri, kuma dole ka riƙa faɗin lambarka.

Sai ka zauna ka saurara

Nan nake roƙon sabon shiga ya yi haƙuri, ya ba wa kunnensa makonni kafin ya buɗe baki. Ba ma sai ka mallaki na'ura ba. Akwai rediyoyin da aka jona da intanet, ana kiran su WebSDR, kamar wanda ke Jami'ar Twente a ƙasar Holan, kana iya murɗa shi daga kwamfutarka ka ji abin da eriyarsa ke ji.

Fara da gane zanguna. Idan ka raba 300 da adadin megahaz, za ka sami tsawon zangon a mita, shi ya sa ake kiran 14 MHz mita 20, ana kiran 7 MHz mita 40. Kowane zango da halinsa. Can sama akwai wani rufin iska da hasken rana ke caja, ana ce masa ayonosfiya, shi ne ke lanƙwaso saƙon gajeren zango ya dawo da shi ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Da rana, ɓangaren ƙasa na rufin nan yana shanye ƙananan zanguna, don haka mita 80 da mita 40 ba sa nisa sai rana ta faɗi. Mita 20 kuwa, daga 14.000 zuwa 14.350 MHz, shi ne dokin tafiya mai nisa da rana har zuwa farkon dare. Mita 15 da mita 10 sun dogara ga ƙarfin rana, wanda ke hawa da sauka a zagayen kusan shekara 11. A shekarun da take da ƙarfi, mita 10 kan buɗe har ƙaramar na'ura ta tsallaka teku, a shekarun rauninta kuma sai ka yi kwanaki ba ka ji ko tari ba.

Akwai wata dabara mai daɗi ta sanin inda iska ta buɗe. A kan 14.100 MHz akwai tashoshi 18 warwatse a duniya, kowace tana aika lambarta da Mos na daƙiƙa goma, su zagayo cikin minti uku. Wadda ka ji, hanyar zuwa yankinta a buɗe take.

Idan kana sauraren murya a mita 20, juya zuwa wajen 14.150 ka yi sama. Da farko za ka ji mutane kamar agwagi na magana cikin tulu. Na'urar lafiyarta ƙalau, salon da ake kira SSB ne, wanda ke tattara duk ƙarfin a kan muryar kaɗai. Yana da fuska biyu, kuma al'adar ita ce LSB a ƙasa da 10 MHz, USB a sama da haka. Zaɓi wadda ta dace, sannan ka murɗa a hankali, kaɗan-kaɗan, har muryar ta sauko daga siririya ta zama ta mutum. Ranar da kunnenka ya fara yin wannan ba tare da ka yi tunani ba, ka ci rabin karatun.

Yayin da kake saurare, ɗauki biro. Rubuta lambobin da ka kama, ka lura da yadda ake miƙa wa juna magana, wa ke fara faɗin lambar wa, tsawon shirun da ake bari. Haddace haruffan kira na duniya, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, domin B da D da T duk ɗaya suke a cikin shuu. Tashar ƙungiyar masu rediyo ta Amurka, W1AW, za ka ji an kira ta Whiskey One Alfa Whiskey. Sai gajerun kalmomin da aka gada daga zamanin Mos: CQ kira ne ga duk mai ji, QSO hira ce, QTH wurin da kake, QRZ wa ke kirana, QRM katsalandan daga wata tasha, QRN ƙarar tsawa da makamantanta, QSY sauya mita (wato lambar megahaz da kake kai), 73 kuma gaisuwar sallama.

Wace na'ura?

Iri biyu ne a gaban mai farawa. Akwai ta hannu, wadda aka fi sani da oba-oba, mai aiki a mita 2 da santimita 70, ƙarfinta wajen wat 5. Saƙonta kusan iya inda ido ke kaiwa yake zuwa, kilomita kaɗan a cikin gari, fiye da haka in ka hau tudu. Sai ta tebur mai gajeren zango, yawanci wat 100, irin su Icom IC-7300 ko Yaesu FT-891, ita ce mai tsallaka ƙasashe. In akwai masu rediyo kusa da kai, fara da ta hannu, za ka sami abokan hira da malamai. In babu kowa a kewayenka, oba-oba za ta bar ka da shiru, gara ka nufi gajeren zango kai tsaye. In tsohuwa ce ka samu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, kada ka karɓa sai an kunna an gwada ta a gabanka, ji da magana duka.

Ta tebur tana cin wutar batir ce, bolt 13.8, kuma lokacin magana da cikakken ƙarfi tana jan sama da amfiya 20. Saboda haka ka sami na'urar ba da wuta mai ɗaukar amfiya 25 zuwa 30, ko batirin mota mai lafiya. Jar waya a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa, ka duba sau biyu kafin ka kunna, don juya su na iya ƙona na'urar cikin ƙiftawar ido. Kada ka cire fis ɗin da ke jikin wayar, kada kuma ka ƙara mata tsawo da siririyar waya. A bayan na'urar akwai ƙusa mai alamar GND, haɗa ta da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa da gajeriyar waya mai kauri.

Doka guda da ba a karyawa: ba a danna maɓallin magana alhali babu eriya a jone. Ƙarfin da ya rasa mafita komowa yake yi ya ci kayan ciki.

Eriya, inda aikin yake

Ina ganin mutane suna kashe ƙarfinsu a kan na'ura mai tsada, su rataya mata waya ko ta halin ƙaƙa, sannan su yi ta mamakin shiru. Abin yana damuna, domin eriya mai kyau da hannunka za ka yi ta cikin yini ɗaya. Ga lissafin da zai nuna maka dalili. Ma'aunin ƙarfin saƙo a fuskar na'ura yana da matakai daga S1 zuwa S9, kuma kafin ka hau mataki guda a kunnen mai saurarenka, sai ka ninka ƙarfinka sau huɗu, wato daga wat 100 zuwa 400. Ɗaga eriya sama da fitar da ita fili kan ba ka irin wannan riba, kuma ta gyara maka ji, abin da ƙarin wuta ba ya yi.

Wadda za ka fara da ita ita ce daifol, waya biyu masu tsawo ɗaya, a miƙe hagu da dama, kebul ya sauko daga tsakiya. Tsawonta gaba ɗaya a mita shi ne 143 a raba da megahaz. Don 14.2 MHz zai ba ka mita 10 da 'yan santimita, kowane hannu mita 5 da ɗan ɗoriya. Don 7.1 MHz kuwa kusan mita 20 ne. Yanka kowane hannu da rarar santimita 20, don ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Sami ɗan faifan roba mai tauri, ka huda shi, ka ɗaure hannuwan biyu ba tare da sun taɓa juna ba. Kebul ɗin ya zama mai om 50, RG-58 in tazarar gajeriya ce, RG-213 mai kauri in ta yi nisa. Fere bakinsa: wayar tsakiya ta tafi hannu ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita ta tafi ɗaya hannun. Liƙe su da dalma, sannan ka naɗe wurin da tef sosai, domin ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi a hankali ba ka sani ba. A ƙarshen kowane hannu sa wata robar, ka ɗaura igiya, ka ja zuwa bishiya ko sanda. Mita 20 tana son tsayin mita 10 daga ƙasa, in bai samu ba ka ɗaga iya ƙarfinka. In sanda ɗaya gare ka, ɗaga tsakiyar, ka bar hannuwan su gangaro gefe biyu kamar rufin tanti, tana aiki lafiya. Ka tuna daifol ta fi jefa saƙo ta gabanta da bayanta, ba ta inda bakin wayar ya nuna ba.

A nan dole in ja kunne da babbar murya: kada eriya ko sandarta ta kusanci wayar wutar lantarki. Auna da ido, in sandar ta faɗi ta kowane gefe, za ta taɓa? In za ta taɓa, canza wuri. Mutane sun rasa rayukansu a kan wannan. Haka kuma bakin wayar yana ƙuna lokacin da ake magana, ya kasance inda hannun yaro ba zai kai ba.

Saura gwaji. Ma'aunin SWR yana gaya maka yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido, kuma yawancin na'urorin zamani suna da shi a ciki. Rage wuta zuwa wat 5, nemi wurin da babu kowa, sa salon FM ko AM, danna na daƙiƙa biyu ka karanta, ka faɗi lambarka. Yi haka a ƙasan zangon, tsakiya, da sama, ka rubuta. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau ƙwarai, har zuwa 2 babu laifi, in ya haura 3 tsaya ka bincika. In adadin ya fi ƙanƙanta a ƙasan zango, wayar ta yi tsawo. Sauke ta, ka naɗe santimita 5 a kowane hannu, wannan zai matsar da ita sama da kusan kilohaz 140 a mita 20. Naɗewa nake cewa ba yankewa ba, sai ka tabbatar tukuna. In kuwa adadin ya yi sama a ko'ina, matsalar ba tsawo ba ce, duba filogin kebul ɗin, sau da yawa silin saƙa guda ne ya taɓa wayar tsakiya.

Maɓallan da za ka taɓa

Fuskar na'urar cike take da maɓallai, amma kaɗan ne na yau da kullum. Babban abin murɗawa na sauya mita ne. BAND na sauya zango, MODE na sauya salo. AF shi ne ƙarar lasifika. RF kuwa kaifin ji ne, kuma idan shuu ya yi yawa, rage shi kaɗan yakan fito da murya fili fiye da ƙara sauti. SQL yana toshe shuu idan babu mai magana, a FM ka murɗa shi daidai inda shuu ya ɗauke ka tsaya, a SSB ka bar shi a buɗe.

Wanda aka fi ɓatawa shi ne ƙarfin makirufo. Sa ma'aunin a kan ALC, wanda ke nuna ko ƙarfin muryarka ya yi wa na'urar yawa, riƙe makirufo kamar faɗin yatsa uku daga bakinka, ɗan karkace, ka yi magana yadda kake yi da wanda ke zaune kusa da kai. Allurar ta riƙa motsi cikin yankin da aka shata mata. In tana wucewa, muryarka za ta dagule, ta kuma fantsama kan maƙwabta. Ihu ba ya ƙara nisa. Sannan ka kula da bakin zango: a USB muryarka tana mamaye kusan kilohaz 3 sama da lambar da ke fuskar na'ura, don haka a mita 20 kada ka wuce 14.347.

Kiran farko

Shawarata ita ce ka fara da amsa kiran wani, kada ka fara da naka. Nemi tasha mai ƙarfi da ke kiran CQ, ba wadda jama'a suka yi wa caa ba. Saurari hirarsa ɗaya ko biyu, ka rubuta lambarsa daidai, har da sunansa da garinsa in ya faɗa, ta yadda in naka ya zo ba abin da zai zo maka baƙo. Da ya gama kira ya yi shiru, danna maɓallin, jira rabin daƙiƙa, faɗi lambarka cikakkiya sau ɗaya da haruffan kira, ka saki. Gabanka zai faɗi, na kowa ma ya faɗi. Sai ka ji lambarka ta dawo daga bakin mutumin da ba ka taɓa gani ba, wannan lokacin ba ya mantuwa.

Zai ba ka rahoto, lamba biyu. Ta farko daga 1 zuwa 5, yadda ake fahimtar maganarka, ta biyu daga 1 zuwa 9, ƙarfin saƙonka. 59 shi ne garau da ƙarfi. Kai ma ka mayar masa da nasa, ka faɗi sunanka, inda kake, na'urarka da eriyarka, sannan ka miƙa masa magana da faɗin lambarsa kafin taka. Don Allah ka ba da rahoton gaskiya. In da ƙyar kake jinsa, ce masa 44, wataƙila jiya ya ɗaga sabuwar eriya yana son sanin halinta. In ba ka kama wani abu ba, nemi ya maimaita, babu mai ganin laifinka. Ka gaya masa wannan ce hirarka ta farko, za ka ga yadda zai rage sauri ya bi da kai. Da Turanci aka fi yin hirar nesa, amma jimlolin da ake buƙata ba su fi goma ba, ka rubuta su a takarda ka ajiye a gabanka.

Idan ka tashi yin kiran kanka, sami wuri shiru, saurara minti guda, sannan ka tambaya ko akwai mai amfani da wurin, sau biyu, da lambarka. Dalili shi ne a gajeren zango kana iya jin ɓangare ɗaya na hira ka kasa jin ɗayan. In shiru, ce CQ sau uku, lambarka sau biyu ko uku, ka saki ka kasa kunne daƙiƙa goma. Gajeren kira da ake maimaitawa ya fi dogo guda.

Mai oba-oba kuwa, hanyarsa ta tashar maimaitawa ce, wadda ake girkawa a kan tsauni ko dogon gini, tana karɓar saƙo a wata mita ta sake watsa shi a wata daban. A mita 2 tazarar kilohaz 600 ce: in tana magana a 145.600, kai a 145.000 za ka aika. Da yawansu ba sa buɗewa sai da wani siririn sauti da kunne ba ya kamawa, CTCSS, misali 88.5, sai ka sa shi a na'urarka. A nan ba a dogon CQ, faɗin lambarka da cewa kana saurare ya isa. Riƙe na'urar a tsaye, ka bar ɗan shiru tsakanin magana don wani ya sami shiga. Hira kai tsaye ba tare da tashar ba, a Afirka da Turai ana haɗuwa a 145.500, in an sami juna sai a matsa gefe.

Wata rana za ka yi ta kira babu amsa. Kafin ka zargi na'ura, duba salon da kake kai, duba SWR, sannan ka sauya lokaci, domin ketowar alfijir da faɗuwar rana su ne lokutan da hanyoyi masu nisa suka fi buɗewa. In shuu ne ya cika maka kunne, sa na'urar a batir ka kashe wutar gidan gaba ɗaya. In ya ragu, ɓarawon yana cikin gida, yawanci cajar waya, ƙwan fitila na zamani ko inbata, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda eriyarsa ƙarama ce kuma yana iya gwada FT8, salon da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke musayar gajerun saƙonni duk daƙiƙa 15, a 14.074 MHz a mita 20, tana tsinto abin da kunne ba zai ji ba. Sharaɗinsa agogon kwamfutar ya zama daidai, kuskuren daƙiƙa biyu ya isa ya hana ka ganin kowa.

Kowace hira ka shigar da ita littafi nan take: kwanan wata, lokaci da agogon UTC wanda duk duniya ke aiki da shi, mita, salo, lambar mutumin, rahoton da ka bayar da wanda ka karɓa. Da wannan ne za ku tabbatar wa juna hirar, ko ta katin QSL da ake aikawa ta gidan waya, ko ta intanet. In ka gama, kashe na'urar kafin ka kashe abin ba ta wuta, sannan ka kwance kebul ɗin eriya daga bayanta ka ajiye bakinsa nesa da teburin. Yi haka kowane dare, kuma da ka hango hadari ya haɗu ko ka ji rugugin tsawa daga nesa, katse hirar, ka ce 73, ka kwance shi tun kafin ruwa ya sauko.